Fetur Mai Tsada da Fetur Mai Araha: Wanne Mota Ta Ke Bukata?

Kwanan baya mun kai ziyara wani ajin yaƙi da jahilci. Da aka tashi daga karatu, sai wani dattijo daga cikin ɗaliban ya ce yana da tambaya. Ya ce sa'ad da ya je aikin Hajji ya lura da wani abu a gidajen mai na ƙasar Saudiyya. Ko wane gidan mai yana sayar da fetur iri biyu. Ɗaya kore ne, an rubuta masa 91. Ɗaya ja ne, an rubuta masa 95. Na 95 ya fi tsada. Yana da ɗa da ke zaune a Jidda, yana da 'yar motarsa ta neman abinci. Kullum mai tsadar nan ya ke sha, wai don motar ta ƙara ƙarfi, ta kuma daɗe ba ta lalace ba.

Dattijon ya ce, "Malam, shin yaron nan tattalin motarsa ya ke yi, ko kuwa kuɗinsa ya ke zubarwa?"

Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ba shi kaɗai ta shafa ba. A Gana ma akwai fetur na 91 da na 95. A ƙasashen Turai akwai 95 da 98. A Amurka akwai 87, da 89, da 91 ko 93. Mai ƙaramar lamba shi ne na gama-gari. Mai babbar lamba shi Turawa su ke kira firimiyam, wasu wurare kuma a ce sufa. Mu a nan za mu riƙa ce masa na musamman.

Ko wanda ba shi da mota a cikinmu, yana da babur, ko injin ban ruwa, ko janareta, ko kuwa ɗansa ko ƙanensa direba ne. Fetur kuwa ya yi tsada tun da aka janye tallafinsa a Nijeriya cikin watan Mayu na 2023. Sabo da haka ya kamata kowa ya san abin da ya ke saye da kuɗinsa. Amma kafin mu amsa wa dattijon nan, sai mun leƙa cikin inji tukuna.

YADDA INJI YA KE CIN MAI

A cikin ko wane injin fetur akwai wani rami mai kama da turmi. Sunansa silinda. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai hawa da sauka kamar taɓarya. Sunansa fistin. Babur yawanci silinda ɗaya gare shi. Ƙananan motoci galibi huɗu gare su.

A injin mota, aikin fistin hawa huɗu ne. Na ɗaya, ya sauka ya zuƙo iska gauraye da tururin fetur. Na biyu, ya hau ya matse su a ɗan ƙaramin wuri. Na uku, fulogi ya ƙyasta wuta, man ya kama, zafinsa ya tura fistin ƙasa da ƙarfi. Wannan turawa ita ce ke juya ƙafafun mota. Na huɗu, fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Sa'an nan a sake komawa farko. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto shi ya ƙera inji mai aiki haka a shekarar 1876. In mota tana tafiya, ko wace silinda takan yi wannan zagaye kamar sau dubu ko fiye a cikin minti ɗaya.

To, ku lura da hawa na biyu, watau matsewa. Duk wanda ya taɓa yi wa keke iska ya san famfo yakan yi zafi a hannu. Dalili shi ne, iska in an matse ta sai ta yi zafi. Haka abin ya ke a cikin silinda. Gwargwadon matsi, gwargwadon zafi. Fetur kuwa in zafi da matsi sun yi masa yawa, yana iya kamawa da kansa, ba tare da wuta ta taɓa shi ba. Nan ne tushen maganarmu.

ƘWANƘWASAR INJI

Manomi in zai ƙone sharar gona, yakan jera ta, ya cinna wuta daga gefe guda. Wutar ta bi layi tana ci har ta kai ƙarshe. Haka a ke so mai ya ci a cikin silinda. Fulogi ya cinna, wutar ta bazu daidai, ta tura fistin da lafiya.

Amma wani lokaci ba haka a ke samu ba. Fulogi ya cinna wuta daga tsakiya. Kafin ta kai gefe, sai man da ke can lungu ya kasa jure zafi da matsi, ya fashe da kansa gaba ɗaya. Kun ga mata biyu masu lugude a turmi ɗaya? Muddin ko wace tana jiran lokacinta, daka yana tafiya sumul. In ɗaya ta yi gaggawa ta sako taɓarya kafin 'yar'uwarta ta ɗaga, sai taɓare su haɗu, a ji ƙara, hannu ya girgiza. Irin wannan karo ne ke faruwa a cikin silinda.

Direba yakan ji shi kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. An fi jinsa in mota tana hawan tudu da kaya, ko in an taka totur da ƙarfi alhali giya tana sama, ko kuwa da tsakar rana lokacin bazara. Wannan ita mu ke kira ƙwanƙwasar inji. In kaɗan ce, jefi-jefi, ba ta cika yin ɓarna ba. In ta yi yawa ta daɗe, tana iya karya ringi, ta huda kan fistin, ta ja wa mai mota sauke inji.

Kada ku haɗa ta da abin da makanikai su ke nufi in sun ce inji ya buga. Wancan yawanci rashin baƙin mai ne ke kawo shi, ko baƙin mai marar kyau. Cuta biyu ce, ko wace da maganinta.

MA'ANAR LAMBAR DA KE JIKIN FAMFO

Yanzu mun zo ga lambar nan, 91 ko 95. Sunanta lambar oktan. Abu ɗaya tak ta ke aunawa, watau haƙurin fetur. Tana gaya mana yawan matsin da mai zai iya jurewa kafin ya fashe da kansa. Mai babbar lamba ya fi haƙuri. Mai ƙaramar lamba ya fi saurin fusata.

Ga yadda aka samo ta. A shekarar 1927 wani masani a Amurka, Graham Edgar, ya zaɓi ruwa iri biyu daga dangin fetur. Ɗaya mai haƙuri ne ƙwarai, aka ba shi lamba 100. Ɗaya ba shi da haƙuri ko kaɗan, aka ba shi sifiri. In aka haɗa kashi 91 na mai haƙurin da kashi 9 na marar haƙurin, an sami ma'auni na 91. Sai a ɗauko fetur ɗin da a ke so a auna, a zuba shi a wani injin gwaji. In ya fara ƙwanƙwasa daidai inda wancan haɗin ya fara, to, lambarsa 91 ke nan.

Ku riƙe wannan da kyau. Lambar ba ta auna ƙarfin mai. Zafin da ke cikin lita ɗaya ta 91 kusan daidai ya ke da wanda ke cikin lita ɗaya ta 95. Ba ta auna tsabtar mai. Ba ta kuma nuna nisan da lita za ta kai mota. Mutane da yawa suna ganin 95 ta fi 91, sai su zaci kamar jarrabawa ce, wanda ya ci 95 ya fi wanda ya ci 91 ƙoƙari. Ba haka ba ne.

INJUNA BA ƊAYA BA NE

Me ya sa a ke yin mai haƙuri da yawa, in ba ya ƙara ƙarfi? Dalili yana wurin inji. Maƙera motoci sun gane cewa in aka ƙara matsi, inji yakan fitar da ƙarfi mai yawa daga mai kaɗan. Injin mota na yau da kullum yakan matse mudu tara ko goma na iska ya mai da su wurin mudu ɗaya. Wasu injuna na motocin tsere da motocin alfarma sukan matse goma sha ɗaya, ko sha biyu, ko fiye. Wasu kuma an sa musu wani abu mai suna tabo, mai cusa ƙarin iska cikin silinda kamar zugazugin maƙeri. Da yawa daga irin waɗannan injuna suna bukatar mai mai haƙuri, in ba haka ba sai su yi ta ƙwanƙwasa.

Ashe ƙarfin daga ƙirar inji ya ke fitowa. Man na musamman yana ba irin wannan inji damar yin aikinsa ne kawai.

Ga misali. Rijiya zurfinta gaba goma. In ka zo da igiya gaba goma, guga ya kai ruwa. In ka zo da igiya gaba takwas, ka sha wahalar banza, guga ba zai taɓa ruwa ba. In kuwa ka sayo igiya gaba ashirin, guga zai kai ruwa, amma ba zai ɗebo fiye da cikinsa ba. Saura gaba goma suna nan tuli a bakin rijiya, kuɗinsu ya tafi. Inji shi ne rijiya, lambar oktan ita ce igiya. Motar da aka ƙera don 91, in ka ba ta 95 ba za ta lalace ba, amma ba ta da yadda za ta yi da rarar haƙurin da ka saya mata.

Motocin zamani suna da wata dabara kuma. Tun daga wajajen 1980 aka fara sa wa injuna wani ɗan ƙarfe mai aiki kamar kunne. Da ya ji ƙwanƙwasa sai ya sanar da 'yar kwamfutar da ke cikin mota, ita kuwa ta jinkirta ƙyastawar fulogi kaɗan. Ƙwanƙwasa ta tsaya, inji ya tsira. Amma ba a banza ba. Ƙarfin mota yakan ɗan ragu, shan mai ya ɗan ƙaru. Kuma dabarar tana da iyaka.

Sabo da haka motocin fetur kashi uku ne. Kashi na ɗaya, waɗanda aka ƙera don na gama-gari. Su ne mafi yawa. Kashi na biyu, waɗanda maƙerinsu ya ce na musamman ya fi musu kyau, amma ba tilas ba ne. Waɗannan suna iya tafiya da na gama-gari, sai dai su ɗan rage kuzari. Kashi na uku, waɗanda maƙerinsu ya ce na musamman tilas ne. Waɗannan kada a yi musu rowa, don araharsa tana iya komawa tsada a garejin makaniki.

Babura, da injunan ban ruwa, da ƙananan janareta, galibinsu matsinsu ba shi da yawa. Suna cikin kashi na ɗaya.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

Wannan magana an gwada ta. A Amurka akwai wata babbar ƙungiya ta masu motoci da a ke kira AAA. A shekarar 2016 ta ɗauki motocin da aka ƙera don na gama-gari, ta gwada su da mai iri biyu. Ba ta ga wani ƙarin ƙarfi ba. Ba ta ga ragin shan mai ba. Hayaƙi ma bai ragu ba. Ta kuma yi bincike ta gano cewa a cikin shekara ɗaya direbobi miliyan 16 da rabi sun sayi na musamman alhali motocinsu ba su bukatarsa. Kuɗin da su ka zubar ya haura dala biliyan biyu. A lokacin, cikin ko wane direba 100 na ƙasar, 70 motocinsu na gama-gari su ke sha, 16 ne kaɗai na musamman ya zama musu tilas.

A shekarar 2017 ƙungiyar ta sake gwaji, wannan karon da motoci kashi na biyu. A nan an ga bambanci, amma ɗan kaɗan ne. In aka haɗa motocin aka raba, sauƙin shan mai bai kai kashi 3 cikin 100 ba, ƙarin ƙarfi kuwa bai kai kashi 2 ba. Alhali kuwa tsadar na musamman ta ɗara ta gama-gari da kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Kun ga ribar ba ta biya kuɗin ba.

MU YI LISSAFI

Ku ɗauko allo ko takarda mu gwada da kanmu. Wannan misali ne kawai, ba farashin wata kasuwa ba. A ce litar gama-gari naira 1,000 ce, ta musamman kuwa naira 1,200. Bambanci naira 200 ke nan a ko wace lita. A ce direba yana shan lita 40 a mako.

Naira 200 sau 40, naira 8,000 ke nan a mako.

Shekara tana da mako 52. Naira 8,000 sau 52, naira 416,000 ke nan.

Ku duba wannan kuɗi. Zai sayi taki, ya sayi tayoyi, ya biya kuɗin makarantar yara. In motar ba ta bukatar man nan, duk ya bi salansa ya fita, bai ƙara mata taki ɗaya ba.

INDA ZATON YA SAMO ASALI

To, me ya sa tsofaffin direbobi da yawa su ka yarda mai tsada ya fi? Suna da dalilinsu, don a zamaninsu akwai gaskiya a ciki. Motocin dā ba su da kunnen nan da mu ka faɗa. In sun tsufa, baƙin toka yakan taru a kan fistin, wurin ya ƙara ƙunci, matsi ya ƙaru, sai su fara ƙwanƙwasa. Direba ya zuba mai babbar lamba, ƙara ta ɗauke. Daga nan sai ya riƙe cewa mai tsada magani ne ga ko wace mota.

Akwai wani labari kuma da ya kamata ku sani. A shekarar 1921 wani ma'aikacin kamfanin General Motors a Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa in aka zuba wani haɗi na darma a fetur, ƙwanƙwasa takan tsaya. A 1923 aka fara sayar da irin wannan mai, da tsada fiye da sauran. Ya yi wa inji amfani, amma ya cuci mutane. Darma guba ce. Tana fita cikin hayaƙi, mutane su shaƙa, ta taɓa ƙwaƙwalwar yara ƙanana. An daɗe ana fama kafin a rabu da ita. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai darma a farkon 2006. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta daina sayar wa motoci shi, a shekarar 2021. Yanzu a matatar mai a ke ɗaga lambar oktan, ta hanyar sarrafa man da gauraya shi da waɗansu abubuwa.

Wasu kuma sukan ce mai tsada yana wanke inji. Gaskiya ne a kan zuba wa fetur wani sinadari mai hana datti taruwa. Amma wannan dabam, lambar oktan dabam. A Amurka tun 1995 doka ta tilasta a zuba shi a ko wane irin fetur, mai araha da mai tsada. Wasu kamfanoni sukan ƙara yawansa a nasu man, amma babbar lamba ita kaɗai ba shaida ba ce cewa mai yana wanke inji.

YADDA ZA KA SAN WANDA MOTARKA TA KE SO

Ba sai ka tambayi mai sayar da mai ba, don shi so ya ke ya sayar. Wanda ya ƙera motar ya riga ya rubuta amsa. A motoci da yawa, in ka buɗe ƙofar tankin mai za ka ga 'yar takarda manne a ciki da lamba a jiki. In babu a nan, tana cikin littafin da ke zuwa da mota. In littafin ya ɓata, a sami mai babbar waya ya nemo shi a intanet da sunan motar da shekarar ƙirarta. A nan ne karatu ya ke biyan mai shi. Wanda ya iya karanta lamba biyu ya huta da jita-jitar tasha.

Amma akwai wani tarko. Ma'aunin oktan iri biyu ne a duniya, kamar yadda mudun wani gari ya ke bambanta da na wani. Turai, da Saudiyya, da ƙasashenmu na Afirka suna amfani da ma'auni mai haruffa uku, RON. Amurka da Kanada nasu dabam ne, lambarsu takan kasa tamu da huɗu ko biyar. Watau 87 ta Amurka daidai ta ke da wajen 91 tamu. Ita kuwa 91 ta Amurka daidai ta ke da 95 ko 96 tamu.

Wannan ya shafe mu, don motocin hannu da a ke shigowa da su ta Kwatano da Legas, wasu daga Turai su ke, wasu daga Amurka. In ka ga 87 a motar Amurka, ta gama-gari ce. In ka ga 91 a motar Amurka, ta musamman ce. In ka ga 91 da haruffan RON kusa da ita, ta gama-gari ce. Sa'an nan a sami mai jin Turanci ya duba maka kalmar da ke kusa da lambar, ko cewa aka yi tilas ne, ko kuwa shawara ce kawai.

YADDA ABIN YA KE A NIJERIYA

A yawancin gidajen mai na Nijeriya fetur iri ɗaya ne, babu zaɓi. Za ku ga an rubuta haruffa uku a allo, PMS. Harafin farko yana tsaye ne a madadin kalmar nan firimiyam. Kada sunan ya ruɗe ku. Suna ne kawai na kasuwa. Man yana cikin jerin gama-gari, lambarsa wajen 91 ce a ma'auninmu. Hausawa sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sabo da haka wanda zai sayi mota ya duba lambarta tun kafin ya biya kuɗi. In ta ce 95 ko 98 tilas, ya tambayi kansa inda zai riƙa samo mata. Wanda kuwa ya riga ya saya, ya bi ta a hankali. Kada ya labta mata kaya fiye da kima. In zai hau tudu ya rage giya. In ya ji ƙwanƙwasa ya sassauta totur, ya kai ta wurin makaniki.

In mota ta gama-gari ce amma tana ƙwanƙwasa, to, tana da wata cuta. Ko dai saitin wuta ya goce, ko fulogi ba nata ba ne, ko tana ɗaukar zafi don rashin ruwa a lagireto, ko toka ta taru a ciki, ko kuwa man gurɓatacce ne. A nemi cutar a yi maganinta.

A wurinmu ma gurɓataccen mai ya fi ƙaramar lamba haɗari. Marasa tsoron Allah sukan gauraya fetur da kananzir. Kananzir kuwa haƙurinsa kaɗan ne ƙwarai, yana jawo lambar fetur ƙasa, ya sa inji ƙwanƙwasa da hayaƙi. Man da ya daɗe a jarka yana iya ɗaukar ruwa da ƙasa. Kuma ba a bakin hanya kaɗai a ke gamuwa da wannan ba. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur Nijeriya mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima. Motoci sun lalace a Legas da Abuja, aka janye man daga kasuwa, aka yi makonni ana dogon layi. Sabo da haka ku riƙa saye a wurin da ku ka sani, ku ka kuma yarda da shi. In tilas ta sa kun saya a galan, ku duba launinsa, ku tace shi da ƙyalle mai tsabta, nesa da wuta da taba.

Abu ɗaya ya rage. Duk wannan magana ta injin fetur ce. Injin gas, irin na manyan motoci da tarakta, ba shi da fulogi. Shi so ya ke man ya kama da kansa in an matse shi. Kada a zuba fetur a injin gas, kada kuma a zuba gas a injin fetur, ko da wace lamba ce.

AMSAR DATTIJO

Da mu ka gama wannan bayani, sai mu ka ce wa dattijon, "Baba, in ka yi waya da yaron, ka ce ya buɗe ƙofar tanki ko littafin motar ya karanta maka abin da aka rubuta. In 91 ce a ma'aunin RON, ya koma shan koren, ya adana rarar kuɗinsa. In 95 ce kuma an ce tilas, ya ci gaba da jan, yana kan daidai. Kuɗin da ya rage ya sa shi a canjin baƙin mai kan lokaci, da fulogi, da matatar iska. Waɗannan su ke sa mota ta daɗe."

Ya yi murmushi ya ce, "Ashe daidai ruwa daidai gari." Sa'an nan ya ɗauki fensirinsa ya rubuta 91 da 95 a bayan littafinsa, don kada ya manta.

TAMBAYOYI

1. Faɗi hawa huɗu na aikin fistin.

2. Me ke kawo ƙwanƙwasar inji, kuma yaushe aka fi jinta?

3. Me lambar oktan ta ke aunawa?

4. A ina za ka duba ka san irin man da mota ta ke bukata?

5. Motar Amurka an rubuta mata 87. Wace lamba ce wannan a ma'auninmu?

6. In bambancin lita naira 150 ne, direba kuma yana shan lita 30 a mako, nawa ya ke ƙarawa a mako huɗu?

7. Rubuta wa ɗanka ko ƙanenka direba gajeriyar wasiƙa, ka gaya masa abin da ka koya a wannan darasi.